Wanki Goma Ba Ya Fitar Da Abin Gado: Cinikin 'Yan Tayin Shanun Shorthorn

A shekarar 1810, a gundumar Durham da ke arewa maso gabashin Ingila, Charles Colling ya sayar da bijiminsa mai suna Comet a kan gini 1,000 (gini tsohon kuɗin Ingila ne), kuɗin da ba a taɓa jin an biya a kan sa guda ba kafin wannan rana. Daga wannan yanki na kwarin kogin Tees ne shanun Shorthorn suka fito, wasu jajaye, wasu farare, wasu kuma masu gaurayen launukan biyu, kuma a 1822 George Coates ya buga musu littafin nasaba, wanda shi ne na farko da aka taɓa yi wa wani irin shanu a duniya. Kada a haɗa su da muturun Afirka ta Yamma, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna mai kama da wannan saboda gajeren ƙahonsu. Iri ne dabam. Fiye da shekara ɗari, duk makiyayin Amurka ko Ajantina ko Ostareliya da ke son jinin waɗannan shanu na Durham sai ya ɗora dabbar kanta a jirgin ruwa, ya ciyar da ita makonni a teku, ya kuma ɗauki asarar wadda ta mutu a hanya. Yau garke guda yana iya tafiya a cikin tukunyar ƙarfe wadda mutum ɗaya zai ɗaga.

Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne dashen ɗan tayi. Ana yi wa saniya mai kyawun asali allurar da za ta sa ta saki ƙwayaye da yawa a lokaci guda, a ba ta maniyyin zaɓaɓɓen bijimi, sannan bayan kwana bakwai likitan dabbobi ya ɗauraye mahaifarta ya tattara 'yan tayin, waɗanda ba a ganinsu sosai sai da madubin likita. A kan samu biyar ko shida masu kyau a ɗauraya ɗaya. Ana daskarar da su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a kai su duk ƙasar da aka ga dama, a dasa kowanne a mahaifar wata saniya wadda ba ta da wata nasaba ta a-zo-a-gani, kuma kusan rabinsu ko ɗan fiye da haka sukan kama. An haifi maraƙin farko ta hanyar dashe a jihar Wisconsin ta Amurka a 1951, na farko daga daskararren ɗan tayi kuwa a Kambirij ta Ingila a 1973, a hannun Ian Wilmut da Tim Rowson.

Ta fuskar cututtuka masu yaɗuwa, ina ganin babu wata hanyar cinikin irin shanu da ta kai wannan aminci, kuma ya kamata a faɗi haka ba tare da rowar yabo ba. Ɗan tayi mai kwana bakwai yana cikin wani ɓawo da ke kare shi, kuma ƙa'idar da ƙungiyar masana dashen 'yan tayi ta duniya ta shimfiɗa, wadda Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta karɓa, ita ce a tabbatar ɓawon bai fashe ba, a wanke shi sau goma a ruwan magani sabo, a wasu lokuta a ƙara da sinadarin da ke ɓamɓare ƙwayar cutar da ta manne. Idan an bi wannan, haɗarin ɗauko ciwon baki da kofato ko bakkale ya zama kaɗan ƙwarai. Birtaniya ta san darajar hakan, domin cutar haukan shanu ta sa an rufe mata ƙofofin fitar da shanu a 1996, annobar ciwon baki da kofato ta 2001 kuma ta ci mata dabbobi fiye da miliyan shida. Ƙari a kan haka, maraƙin da aka haifa a ƙasar mai saye yana shan dakashin saniyar da ta ɗauki cikinsa, ya samu kariya daga cututtukan wurin, abin da baƙon bijimi ba ya samu.

Damuwata ita ce dokokin kan iyaka sun tsaya a kan abin da ke manne a bayan ɓawon, alhali abin da ya fi cutar da Shorthorn a zamaninmu a cikin ɓawon yake. A shekarun 1970 makiyayan Amurka sun shigo da shanun Shorthorn daga Ayaland domin su ƙara wa nasu girman jiki, kuma a cikinsu akwai wani bijimi mai suna Deerpark Improver. Lafiyarsa ƙalau, babu gwajin da bai tsallake ba, 'ya'yansa da jikokinsa kuma suka yi farin jini a filayen baje kolin dabbobi. Sai daga baya aka fara haifar maruƙa da ƙashin ƙwauri gajere ko babu shi sam, ƙafafun baya a murɗe, fatar ciki a sake hanji yana neman zubowa, ƙoƙon kai bai haɗe ba. Irin wannan maraƙi ba ya iya tsayawa ya sha nono, mutuwa yake yi ko a kashe shi don a hutar da shi. Da aka bi salsala ta wajen uwa da ta wajen uba, sai hanyoyin suka riƙa komawa kan bijimin nan.

Dalilin da ya sa lahanin ya daɗe a ɓoye shi ne sai maraƙi ya gaje shi daga iyaye biyu kafin ya bayyana. Dabbar da ta gada daga ɓangare ɗaya lafiya lau take, kuma ko an haɗa masu ɗauke da shi biyu, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu ne kawai zai fito da nakasa. A zamanin da saniya ke haihuwar maraƙi ɗaya a shekara, bijimi kuma ba ya wuce garken unguwarsu, irin wannan gado yana tafiyar hawainiya. Amma idan maniyyin sa ɗaya ya kai ga dubban shanu, saniya ɗaya kuma ta ba da 'yan tayi ashirin ko talatin a shekara, jikokin kaka guda sukan haɗu da juna cikin 'yan shekaru a nahiyoyi dabam-dabam, masu su ba su sani ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 ne binciken Jonathan Beever na Jami'ar Illinois ya samar da gwajin ƙwayar halitta da ke nuna mai ɗauke da lahanin, lokacin da ya riga ya bazu.

Za a ce laifin na masu zaɓe ne, fasahar ba ta da hannu, kuma akwai gaskiya a ciki. Tun kafin a yi mafarkin dashe, dangin shanun Shorthorn na wani makiyayin Ingila, Thomas Bates, da ake kira Duchess sun sha barbarar 'yan gida ɗaya har haihuwarsu ta yi rauni, duk da haka a gwanjon da aka yi a New York Mills ta Amurka a 1873 aka sayi ɗaya daga cikinsu a kan dala 40,600. Kwaɗayin suna da nasaba tsoho ne a wannan sana'a. Bambancin shi ne a da kuskuren yakan tsaya a gonakin 'yan attajirai kaɗan, yanzu kuwa yana shiga jirgin sama. Kuma saurin ƙaruwa yake yi, domin 'yan tayin da ake haɗawa a ɗakin gwaji daga ƙwayayen da aka zuƙo kai tsaye daga saniya sun zarce na ɗauraya yawa a duniya, ga shi masana sun nuna cewa wanki bai cika fitar da ƙwayoyin cuta daga ɓawonsu kamar na farkon ba.

Ƙungiyar masu Shorthorn ta Amurka ta wajabta gwajin lahanin gado ga bijiman da ake sayar da maniyyinsu da shanun da ake ɗibar 'yan tayinsu, kuma mataki ne mai kyau. Sai dai dokar ƙungiya mambobinta kawai take ɗaurewa. A ganina sakamakon gwajin uwa da uba ya kamata ya zama sharaɗi a takardar fitar da kowane ɗan tayi daga ƙasa, kamar yadda takardar lafiya take, domin mai saye a ƙasa mai nisa ba shi da hanyar ganin iyayen da idonsa. Gwajin ma lahanin da aka riga aka gano kawai yake kamawa, saboda haka ya dace ƙungiyoyin su riƙa bayyana yawan maruƙan da aka yi wa rajista daga kowane bijimi a kowace shekara, kowa ya ga lokacin da jinin gida ɗaya ya fara mamaye littafin.

Akwai kuma aikin da fasahar za ta iya yi wanda kasuwa ba za ta biya kuɗinsa ba. Tun 1958 aka raba littafin nasabar Birtaniya gida biyu, na nama da na madara. Na naman sun karɓi jinin shanun Maine-Anjou na Faransa daga 1976, na madarar kuma aka gauraya mafi yawansu da wasu jajayen shanun madara, har tsantsar asalin ta koma cikin jerin dabbobin da ƙungiyar kare irin dabbobi masu ƙarewa ta Birtaniya ke fargabar rasawa. Daga wannan tsohon jini ne aka gina wasu irin shanu, wato Santa Gertrudis a Texas da Illawarra a Ostareliya, yana kuma cikin Bonsmara ta Afirka ta Kudu. Maniyyi rabin gado kawai yake adanawa, ɗan tayi kuwa dabba ce cikakkiya. Da ƙungiyoyin Shorthorn na ƙasashen da ke wannan ciniki za su ware wani ɗan kaso daga kuɗin rajistar kowane ɗan tayi da aka sayar, da ya taimaka wajen ɗaurayar waɗannan tsirarun shanu da suka rage a gonakin Birtaniya, a daskarar da 'yan tayinsu tun suna da shekarun haihuwa.