Fadarmu ta Tawa ta yi tsit

Sallar layya da ta wuce na je gida Tawa, bayan shekara uku ina aiki a Marsai ta Faransa. Tun daga Yamai, motar na ratsa Dosso, Dogon Dutsi har Ƙonni, abu guda nake ɗoki: fadarmu ta ƙofar gida, inda muke raba dare ana gardamar kokowa.

Tabarmar na nan, butar shayi na kan gawayi. Mutum bakwai zaune, kowa ya sunkuyar da kai, hasken waya na haska fuskarsa. Aka zagaya da na farko, aka zagaya da na biyu, ba wanda ya ce uffan, sai wani da ke ta ƙyalƙyala dariya shi kaɗai da bidiyon TikTok. Na ce wa ƙanena, "Kai, shayinka na zuba a wuta." Ya ce, "Yaya, bari in ƙarasa wannan." Ko ɗago kai bai yi ba. Wallahi abin ya sosa min rai.

Ba zan zagi waya ba. Mu 'yan cin rani da ita muke rayuwa. Ɗan yankinmu na Adar da ke Abijan ko Libiya, ta WhatsApp yake jin muryar mahaifiyarsa, ta nan yake sanin an yi suna ko an yi rasuwa. Amma mu rashi ne ya ɗaure mu da ita. A ɗakina na Marsai ba wanda zai yi min sallama ya zauna haka kawai. Maƙwabcina ko sunana bai sani ba. Ku kuwa ga mutanen a gabanku, kuna sayen forfe, wato datar intanet, da kuɗin guminku don ku kalli rayuwar waɗanda ba su san da ku ba.

Su kansu Faransawa sun farga. Tun 2018 doka ta hana yara amfani da waya a firamare da kwaleji. Mu ba dokar gwamnati muke jira ba: babban fada ya isa ya ce a kife wayoyi har a sha na uku.

Da na koma, na goge TikTok da Facebook, na bar WhatsApp kaɗai, shi ma sai bayan isha'i. Makon farko hannuna ya yi ta laluben aljihu. Yanzu ran Juma'a nakan kira Inna mu yi awa guda, ta ba ni labarin gero da awakinta, ina ji da kunne biyu.