Har a kejin ɓerayen gwaji ma sai an ware mata?

Ɗan yayata da ke ajin ƙarshe a jami'a ya zo gida Birnin Kebbi makon jiya da keji, fararen ɓeraye ashirin a ciki, zai ba su ruwan ganyen sabara ya ga ko yana kwantar da fargaba. Na tambaye shi nawa ne mata. Ya ce, "Kawu, ko ɗaya babu. Malaminmu ya ce mata ɓata sakamako suke yi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce jikin ɓera mace yana zagaye duk kwana 4 zuwa 5, sinadarin istirojin, wanda ya fi yawa a jikin mata, ya hau ya sauka. Haka ne, kuma abin har ƙwaƙwalwa yake kaiwa. Tun 1990 Catherine Woolley da Bruce McEwen suka nuna cewa mahaɗun jijiyoyi a hifokamfas, sashen da ke riƙe tunani, suna raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a kwana guda idan sinadarin ya faɗi. A 2019 ayarin Marija Kundakovic a Jami'ar Fordham ta Amurka suka gano cewa ƙunshin ƙwayoyin gado a wannan sashen yana buɗewa yana rufewa bisa zagayen, wasu su kunnu wasu su lafa, kuma ɓerayen sun fi nuna fargaba lokacin da istirojin ya yi ƙasa.

To ai wannan shi ne dalilin da zai sa a saka su! Ciwon damuwa ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza. Kana neman maganin fargaba, ka fitar da waɗanda ta fi damu, wa kake yi wa aikin?

Zancen ɓata sakamakon ma ba ya da tushe. A 2014 Brian Prendergast da abokan aikinsa sun tace bincike 293, suka ga sakamakon mata bai fi na maza hawa da sauka ba. Mazan da ake yabo kuwa, cizon juna suke yi a keji kan shugabanci. Masu cewa kuɗi ne matsala su raba ashirin ɗin goma-goma.

A 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta wajabta wa masu neman tallafinta su yi la'akari da jinsi, bayan da a 2013 aka rage wa mata rabin adadin maganin barci na zolpidem, don yana daɗewa a jininsu. Jami'o'inmu su daina sa hannu a kundin da babu mace a kejinsa, sai da dalili rubutacce.