Kyasbi: Ba da launin fata ake gane an warke ba

Da zarar bazara ta kankama, zufa ta fara jiƙa riguna, sai kyasbi ya bazu a wuya da ƙirji da gadon bayan matasa, kuma da yawansu kemis suke nufa kafin wani ma'aikacin lafiya ya duba su. A ganina, a nan ake fara yin kuskure, domin abin da aka fi miƙa musu shi ne man shafawa mai haɗe da sinadarin sitiroid, wanda yake kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, amma yana sirantar da fata, yana kuma ba cutar damar yaɗuwa.

Kyasbi ba alamar ƙazanta ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Ƙwayar fangas da ke haddasa shi, mai suna Malassezia, tana zaune a fatar kusan kowane baligi tana cin maiƙon jiki, sai zafi da gumi da yawan shafa mai su sa ta hayayyafa fiye da ƙima. Idan ta yi yawa, tana fitar da wani sinadari da ke hana fata samar da launinta, shi ya sa wurin yake yin haske a jikin baƙar fata.

Gane shi ba wuya. Idan aka ɗan kankare wurin da farce, wani gari mai laushi kamar dusa yana tashi, likita kuma yana iya tabbatarwa ta hanyar duba garin a madubin ƙara girma. Amma tabon da ba ya fitar da garin, kuma mai shi ba ya jin taɓawa a wurin, bai kamata a kira shi kyasbi ba, domin haka kuturta take farawa, kuma ana warkewa daga ita idan an je asibiti da wuri.

Maganin kansa ba shi da tsada. Ana shafa ruwan selenium sulfide mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari, a bar shi minti 10 kafin a wanke, kullum har kwana 7, ko a yi amfani da sabulun ruwa na ketoconazole, ko man clotrimazole sau biyu a rana na makonni 2 zuwa 4. Ƙwayoyin sha irin su fluconazole sai likita ya rubuta, idan abin ya mamaye jiki.

Abin da masu sayar da magani ba sa faɗa, kuma shi ya fi damuna, shi ne launin fata yana ɗaukar watanni kafin ya dawo ko da ƙwayar ta mutu. Mutum ya gama magani, ya duba madubi ya ga tabon na nan, sai ya yanke cewa bai yi aiki ba, ya koma neman mai ƙarfi. Alhali in garin ya daina tashi, magani ya ci. Tunda kyasbi yana yawan dawowa, likitoci kan ba da shawarar a riƙa wanka da sabulun maganin sau ɗaya a wata har zafi ya wuce.