Bincike daban, gwaji daban

To, wanda ya turo waccan muryar mai tallar gwajin jini na ƙwaƙwalwa a gurup ɗin dangi, sannu da aiki. Ga shi yanzu ana haɗa jikka 60 a kai Inna, da ke fama da mantuwa, wurin wani mutum nan Yamai da ya ce zai ɗibi jini ya "karanta ƙwaƙwalwa". Ashe Amurka ta taso ta dawo bayan Katako, ni kaɗai ne ban ji ba.

Binciken ƙwayoyin gado da mutumin yake fakewa da shi gaskiya ne. Ƙwayoyin gadonmu sun kai wajen 20,000, kuma iri ɗaya ne a hanta da ƙwaƙwalwa, bambancin shi ne wanne ke kunne, wanne ke kashe, kamar ƙwayayen lantarki a babban gida. Masana suna auna RNA, wato saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa in tana kunne, su ga abin da ya kunnu a ƙwaƙwalwar mai ciwon mantuwa wanda bai kunnu a ta mai lafiya ba, ko za a dace da alamar gane cutar. Amma da naman ƙwaƙwalwa ake yawancin aikin, na mamata. Taswirar ƙwayoyin gadon da ke kunne a ƙwaƙwalwar mutum da cibiyar bincike ta Allen a Siyatil ta yi, da ƙwaƙwalwar mamata 6 kacal aka haɗa ta. Bincike ne, yallaɓai. Bincike. Bai zama analiz ɗin da za ka biya ka karɓi takarda da yamma ba.

"Ai an amince da gwajin jini na Alzheimer a Amurka a 2025." Na sani, Yaya. Wannan gwajin na ciwon mantuwa furotin yake aunawa, tau da amiloyid, kuma ga wanda ya riga ya nuna alamu, lokotoro na bin sa. Ciwon damuwa da taɓin hankali kuwa har gobe sai lokotoro ya zauna da mutum ya yi tambayoyi.

Jiya na tarar da carbin Inna cikin firji. Ta dube ni ta kira ni da sunan marigayi Baba, ta ce me ya hana ni cin abinci. Na fita waje na yi kuka. Kada ku zaci bana son a samu amsa. A kai ta wurin lokotoron ƙwaƙwalwa, sauran kuɗin a biya mai kwana da ita.

Af, wa ya sake sa ni a gurup ɗin nan? Sau uku ina fita. Kuma mai turo "barka da Juma'a" ranar Laraba, ina ganinka.