Waya biyu ba ta ninka gudu

A cibiyoyin CBT (jarrabawa ta kwamfuta) na garuruwanmu, irin su Ringim da Gwaram, wasu na ɗauka haɗa suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci) biyu da waya biyu zai ninka gudun netwok. Ina! Zobe aka ƙulla.

A Ethernet, wato tsarin haɗa kwamfutoci ta waya, saƙon da aka aika wa kowa ba shi da wa'adi, sai ya yi ta zagaye yana hayayyafa har komai ya tsaya cik. Fitilun suwic duka su riƙa ƙyaftawa tare, mai cibiya kuma yana zagin kamfanin intanet.

Maganin shi ne a zare wayoyin ɗaya-ɗaya har abin ya lafa. Sannan a kunna STP, tsarin da injiniya Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985: yakan toshe hanya ɗaya, ya buɗe ta ranar da ɗayar ta yanke. Suwic masu araha da yawa ba su da shi.