Akwatin ƙarfen tsohon soja

Ranar 1 ga Yuli, 2016, ina sauri zuwa wurin aiki na tarar da wasu samari a tashar jirgin ƙasa ta Manchester, sanye da kakin sojan da aka daina sawa tun zamanin kakanni. Ba sa cewa uffan. Da na matsa kusa da ɗaya, sai ya miƙo mini ɗan kati mai ɗauke da sunan wani soja da muƙaminsa da rundunarsa. Ashe shirin wani mai fasaha ne, Jeremy Deller, na cika shekara 100 da gwabzawar Somme a Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda sojojin Birtaniya 19,240 suka mutu a rana guda. Katin da na samu na kurtu ne.

Nan take ƙanin kakata ya faɗo mini a rai, can ƙauyenmu gefen Ringim. Yana cikin mazan jiya da Turawa suka kwasa zuwa Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin rundunonin Afirka ta Yamma. Idan ya zauna gindin tsamiya sai ya shiga labarin dajin da ruwa ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu maƙalewa a ƙafa, da dakon harsashi a ka. Mu kuwa yara, faretinsa kawai muke kwaikwaya muna ƙyalƙyala dariya. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya naɗi muryarsa.

Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya a Najeriya, manya kan ajiye furanni, a saki tattabaru, a watse. To madalla. Amma wa ya taɓa zama da kurtun da ya je Kwango, ko yaƙin basasa, ko Laberiya, ya tambaye shi me ya ci, wa ya rubuta wa wasiƙa, yaya matarsa ta riƙe gida? Barikin Bukavu na Kano ma sunan wani gari ne a Kwango, kuma da wuya ka samu matashin da ya sani.

Ba gunki nake cewa a sassaƙa ba, wannan ba namu ba ne. Waya da tabarma da haƙurin sauraro sun isa, sai mai hoto da zai ɗauki hannun tsoho riƙe da lambar yabonsa.

Bara na kira ƙanwata, na ce ta dubo mini akwatin ƙarfen ƙanin kakarmu. Ta ce akwati na nan, irin wake ake adanawa a ciki. Lambar kuwa, yara sun daɗe da yin wasa da ita.