Baƙon Dar es Salaam, tambayi alƙibla kafin ka tayar da kabbara

Assalamu alaikum warahmatullah. Wannan tunatarwa ce ga 'yan'uwanmu da karatu ko fatauci ko aiki ya kai Tanzaniya, da masu haɗa jaka yanzu. Allah Ya sa ta amfane ni da ku.

Mun taso a gida in za a yi salla sai a ce kalli gabas. Rago za a yanka, gabas. Mamaci za a sa a makwancinsa, fuskarsa gabas. Abin ya zauna mana a kai har mun manta cewa Ka'aba aka umarce mu mu fuskanta, ba mafitar rana ba. To a Dar es Salaam Makka tana arewa da kai, kusan saiti ɗaya. Wanda ya sauka masauki da dare, gari ya waye ya duba inda rana ta ɓullo ya shimfiɗa sallaya, Tekun Indiya ya fuskanta. Kuma ba shi da uzuri mai ƙarfi, domin gari ne mai masallatai kusan kowace unguwa, mai shara a masaukin ma zai nuna masa in ya buɗe baki. Allah Ya ce a Suratun Nahli, aya ta 43, ku tambayi ma'abota sani idan ba ku sani ba.

Agogonsu ma sai an tambaya. Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, don a can rana ba ta cika gocewa daga wajen ƙarfe 6 ba duk shekara. Ƙarfe 7 na safe a wurinsu ƙarfe 1 ne. Sai ka shiga masallaci ka ga allo an rubuta Asuba 11, Azahar 7, La'asar 10, ka tsaya kana cewa waɗannan mutane lafiya kuwa? Lafiyarsu lau. Ƙara awa 6 ko ka rage, lissafin zai fito daidai. Wanda girman kai ya hana tambaya, jam'i ne zai yi ta wuce shi.

Amma inda nake so mu daɗe shi ne cikin sahu, don a nan Shaiɗan ya fi samun baƙo. Yawancin Musulmin gaɓar tekun nan Shafi'iyya ne. Liman zai karanta Bismillah a bayyane kafin Fatiha. Amin za ta tashi har masallaci ya amsa. A raka'a ta biyu ta Asuba, bayan an ɗago daga ruku'u, zai ɗaga hannu ya yi ƙunutu da ƙarfi, mamu suna amsawa, alhali a Malikiyyarmu a ɓoye ake yi kuma kafin ruku'u ya fi. Ka ga mutum hannunsa ya taɓa na matarsa wajen karɓar kofi, ya tashi ya sake alwala. In ka tsallaka Zanzibar, tafiyar kamar awa 2 a jirgin ruwa, za ka tarar da masallatan 'yan mazhabar Ibadiyya, waɗanda ba sa ɗaga hannu a kabbara kuma ba sa ƙunutu. Nan take zuciya za ta fara raɗa maka cewa ai mutanen nan ba su iya salla ba, kai ne ka zo da addini a jakarka. Ɗan'uwa, ka nemi tsari daga wannan raɗar.

Imamu Shafi'i almajirin Imamu Malik ne, a gabansa ya durƙusa a Madina ya karanta Muwaɗɗa. An ruwaito cewa da halifa ya so ya tilasta wa duniyar Musulmi bin littafin nan kaɗai, Malik da kansa ya hana, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da abin da ya iso musu. Mai mazhabar bai yarda a tilasta ba, sai kai da ko Iziyya ba ka sauke ba?

Kuma mutanen da kake wa kallon sababbin shiga sun daɗe a harkar. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin Zanzibar akwai masallacin da rubutun jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Sama da shekara 200 ke nan kafin Wangarawa su iso Kano a zamanin Sarki Yaji. Ibn Baɗɗuɗa ya bi ta Mombasa da Kilwa a 1331, ya same su Shafi'iyya, ya yaba addininsu. Ka bi limaminsu da natsuwa, sallarka ta yi. In wani abu ya shige maka duhu, jira a sallame, ka gaida malam, ka tambaya da ladabi.

Akwai ma abin da za ka koya a wurinsu. Ba a faɗa wa gida kai tsaye. Mutum zai tsaya bakin ƙofa ya ce "hodi", ba zai ɗaga ƙafa ba sai an ce masa "karibu", ko da ƙofar a buɗe take. Aya ta 27 ce ta Suratun Nur suke aiki da ita kullum. Yaro ba ya wuce babba sai ya ce "shikamoo", babba ya amsa da "marahaba". Kai ma ka riƙa yi wa dattawansu, gemunka ba zai zube ba. Da yamma ka zauna wurin mai gahawa, mai butar nan da ke kan garwashi da 'yan ƙananan kofuna da alewar gyaɗa, ka saurara fiye da yadda za ka yi magana. A daladala, ƙananan motocin hayarsu, in tsohuwa ta shigo ka tashi, ko gicciye ne a wuyanta, don maƙwabtanka da yawa Kirista ne kuma haƙƙin maƙwabci bai faɗi ba. In an kawo maka pweza, dabbar tekun nan mai hannu takwas, cikin miyar kwakwa kuma ranka bai so ba, ka ce ka ƙoshi, kada ka ce haram. Annabi (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, kuma hadisin yana cikin Muwaɗɗa ɗinmu.

Saura maganar ƙasaru. Wasu 'yan kasuwarmu sai su yi mako biyu suna sarin kaya a Kariakoo, babbar kasuwar Dar es Salaam, suna ta raka'a bibbiyu wai su matafiya ne. A Malikiyya da Shafi'iyya duka, wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku hukuncin tafiya ya yanke masa. Wanda ya kama hayar ɗaki ko ya yi rajista a jami'a kuwa, tun ranar da ya sauka Azahar ɗinsa raka'a 4 ce.